AMSAR TAKARDUN MASU KARATU: Wace Mota Za A Fara Ba Yaro?

A cikin takardun da suka iso mana makon nan akwai wata daga Tsaskiya, ta ƙasar Safana. Mun ga ya kamata mu buga ta duka, mu kuma tsawaita amsarta, don mun san ba mai ita kaɗai maganar ta dama ba. Ga abin da ya ce:

"Zuwa ga Edita. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Bayan haka ina roƙo ka ba ni fili kaɗan in kawo wata magana da ta hana ni barci. Ni malamin makaranta ne, ina kuma ɗan taɓa noma da sayen hatsi. Babban ɗana shekararsa 17, zai cika 18 bayan kaka, ya kuwa sami shiga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma. Na yi nufin in nemi 'yar mota wadda zai riƙa zuwa makaranta da ita, ya kuma riƙa kai tsohuwata asibiti, don ni idona ya fara rauni. Shi yaron ransa yana kan wata doguwar mota mai fulogi shida da baƙin gilashi, wadda wani dillali ya nuna masa a Katsina. Wana kuwa ya ce kada in ɓata kuɗina, ga tsohuwar Golf tasa da ta gaji da jigila tsakanin Batsari da Katsina, in ba yaro ya koya da ita, in ya farfasa ta ba a yi hasarar kome ba. Na rasa wadda zan bi. Ku da ku ke jin labarin duniya, ku ba ni shawara. Haza wassalam. Ni ne naku, Wani Uba, Tsaskiya."

To, Malam, takardarka ta iso, mun kuwa gode. Allah ya raya yaro, ya sa karatun ya amfane shi. Amsarmu a taƙaice ita ce, kada ka bi ko ɗaya daga cikin shawarwarin nan biyu. Amma tun da ya ke kai malami ne, ba za ka karɓi hukunci ba sai da dalili, to, ga dalilanmu.

Ku mutanen Katsina ba a koya muku sha'anin doki. Tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, ƙasarku ta yi suna wajen hawa da wasan folo. Ka taɓa ganin an ɗora yaro a kan ingarma mai tutsu ran da ya fara hawa? Ko kuwa ka taɓa ganin an ba shi gurgun doki mai tuntuɓe, da ruɓaɓɓen majayi, da tsinkakken linzami, aka ce ai na koyo ne? Mai hankali ba ya yin ko ɗaya. Dokin da a ke fara ba yaro shi ne mai lafiya, mai sanyin hali, wanda ko yaro ya yi kuskuren jan linzami ba zai kayar da shi ba. Motar da dillali ya nuna wa ɗanka ita ce ingarman, ta wanka kuwa ita ce gurgun. Abin da za ka nema shi ne mota mai haƙuri da kuskure, don sabon hannu lalle sai ya yi kuskure, kome natsuwarsa.

Kada ka ga kamar muna tsorata ka a banza. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a cikin rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1 da dubu 190 su ke mutuwa a kan hanya ko wace shekara, kuma babu abin da ya kai haɗarin hanya kashe yara da matasa daga mai shekara 5 zuwa mai shekara 29, ko cuta ko yaƙi. A Amurka, inda a ke ƙididdige irin waɗannan abubuwa da kyau, an ga cewa in an auna da nisan tafiya, direba mai shekara 16 zuwa 19 ya ninka wanda ya girme shi kusan sau uku wajen shiga haɗarin da a ke rasa rai. An kuma ga abin yana ƙaruwa da dare, da kuma sa'ad da ya ɗauko tsararrakinsa. Wannan fa a ƙasar da hanyoyi ke da faɗi da fitilu, motar asibiti kuwa tana isowa nan da nan. Ina ga hanyoyinmu, inda shanu da babura da amalanke da yara masu talla duk su ke kan kwalta ɗaya?

Kafin maganar mota akwai maganar doka. A Nijeriya ba a ba mutum lasin tuƙi sai ya cika shekara 18. Sai ya fara samun takardar koyo, ya shiga makarantar tuƙi wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta amince da ita, ya liƙa jan harafin L gaba da baya, ya riƙa tuƙi da mai lasin a gefensa, sa'an nan jami'an duba motoci su jarraba shi. Saboda haka watannin nan da suka rage kafin kaka ba na sayen mota ba ne, na koyo ne. Kada kuma ka yarda wani ya ce ka kawo kuɗi a fito masa da lasin yana kwance a ɗaki, ko a ƙara masa shekaru a takarda. Wanda ya yi wa ɗansa haka, ya koya masa tun ran farko cewa dokar hanya abar saye ce, ba zai kuwa manta da wannan darasi ba.

Yanzu sai motar da yaro ke so. Aibinta na fari shi ne ƙarfin inji. Mota mai fulogi shida, da an ɗan taka ta sai ta zabura, kafin yaro ya farga ta wuce kilomita 120, tana tafiya lumui ba ya ko jin gudun a jikinsa. Kai malami ne, bari mu yi lissafi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 cikin daƙiƙa guda, watau kafin direba ya ga saniya, ya ɗaga ƙafa, ya taka birki, ya riga ya shafe wannan tazara ko fiye. In kuma an ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke bukata kafin mota ta tsaya yana ninkuwa sau huɗu. Karo da bango a gudun kilomita 50 daidai ya ke da faɗowa daga tsayin mita 10, a gudun 100 kuwa daga tsayin kusan mita 40. Shi ya sa doka ta ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. Motar da ba ta jin daɗin tafiya sai ta wuce wannan, me yaro zai yi da ita? Sauri ya haifi nawa.

Aibinta na biyu, kai ka fi mu saninsa. Ƙasashen Safana da Batsari suna bakin dajin Rugu, kuma mun san irin wahalar da mutanenku suka sha a hannun ɓarayin daji cikin shekarun nan. Doguwar mota mai walƙiya a hannun yaro ɗan shekara 18 shela ce, tana gaya wa ko wane mai leƙen asiri cewa gidan nan akwai abin karɓa. Baƙin gilashi kuma yana rage wa direba gani da almuru, yana sa a tsai da shi a ko wane shingen jami'an tsaro. Motar da ta dace da hanyarku ita ce wadda in ta wuce ba wanda zai waiwaya. Aibi na uku shi ne shan mai. Tun da aka janye tallafin fetur ran 29 ga Mayu, 2023, mai babbar mota ya san abin da ya ke ciki, balle mai albashin malanta.

Sai kyautar wanka. Allah ya saka masa da alheri, don da kyakkyawar niyya ya yi, amma akwai kuskure a cikin lissafinsa. Ya ce in yaro ya farfasa ta ba a yi hasarar kome ba. To, wa ke cikin motar sa'ad da ta ke farfashewa? Mu ba mu ce Golf mugunyar mota ce ba, ta yi wa ƙasar Katsina aiki ba kaɗan ba. Amma wadda ta shekara da shekaru tana ɗaukar mutum goma da buhunan gero, ƙashin bayanta ya gaji, birkinta sai an yi ta famfo, sitiyarinta yana wasa, ƙofarta sai da igiya. Tsohon direba yana tafiya da ita don ya san halinta, ya san inda ta ke ja, ya san tun daga ina zai fara taka birki. Yaro bai san wannan ba. Banda haka, a ƙasarku mutuwar mota a hanya ba ƙaramin abu ba ne. Ka tuna a watan Satumba na 2021, sa'ad da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Safana da Batsari da Dutsin-Ma, aka yi watanni ba mai iya kiran wani. Ko yau da waya ke aiki, wane uba ne zai so mota ta mace wa ɗansa a tsakanin gari da gari, rana tana faɗuwa? Araha ba ta ado.

To, wace iri za a nema? Ga siffofinta, bi da bi.

Ta fari, ta zama matsakaiciya, mai ƙofa huɗu, mai fulogi huɗu, injinta kamar lita 1.6 zuwa 1.8. Kada ta cika ƙanƙanta, don in an yi karo ƙaramar mota ita ke shan kashi. Kada kuma ta zama tsohuwar jif mai tsayi, don irinsu suna saurin kifewa in an murɗa sitiyari da ƙarfi, sabon hannu kuwa murɗawa ya ke yi in ya firgita. A-kori-kura ma ba ta dace ba, don ran kasuwa sai abokai su cika bayanta, ba abin da ke tare su. Irin su Toyota Corolla da Honda Civic suna cikin wannan aji. Ba talla mu ke yi wa kowa ba, misali mu ke bayarwa.

Ta biyu, ta zama wadda makanikan Dutsin-Ma da Katsina suka sani, kayan gyaranta kuwa suna nan a kasuwa. Motar da sai an aika Legas neman ƙarfenta, rabin shekararta a gareji za ta yi. Ka kuma duba tsayinta daga ƙasa, don hanyoyin ƙauye akwai yashi da ramuka, mai ja da ciki ba ta daɗewa tukunyar baƙin manta ta fashe.

Ta uku, kayan tsare rai su zama cikakku. Babbansu shi ne bel. Wani injiniya na kamfanin Volvo, Nils Bohlin, shi ya fito da irin wanda mu ke ɗaurawa yanzu a 1959, an kuwa tabbatar yana rage mutuwar na gaban mota da kusan rabi. A Nijeriya tun 1 ga Janairu, 2003, aka tilasta ɗaura shi. Ka ja ko wane bel na motar, gaba da baya, ka fizge shi da ƙarfi, in bai ƙame ba ya mutu. Bayansa sai birkin da makanikai ke kira ABS, wanda ke hana tayoyi ƙamewa in an taka birki da ƙarfi, har direba ya iya kauce wa abin da ke gabansa yana kan birki. Sai jakar iska guda biyu, ta direba da ta na kusa da shi. In kuɗinka ya kai, ka nemi mai na'urar hana zamewa, wadda a Toyota a ke rubuta ta VSC, a Honda VSA. Ita wannan in ta ji mota za ta juya a kan kwana, sai ta kama tayar da ta dace da kanta, ta mai da ita hanya. Amurka ta wajabta ta a sababbin motoci tun ƙirar 2012, Tarayyar Turai kuma tun 2014, saboda haka motar da aka ƙera wa ƙasashen nan daga shekarun nan tana da ita. In kuɗi bai kai nan ba, to, kada dai a sauko ƙasa da bel mai lafiya da ABS da jakar iska.

Ga wata dabara da dillalai ba su son a sani. In ka murɗa makulli kafin inji ya tashi, fitilun gaban direba duk sai su kama, har da ta ABS da ta jakar iska, sa'an nan su mutu bayan 'yan daƙiƙu. In wata ta ƙi mutuwa, akwai ciwo. In kuwa ba ta kama ba sam, to, an cire ƙwanta ne don a ɓoye ciwon, mai yiwuwa ma jakar ta riga ta fashe a wani haɗari, aka liƙe wurin. Ka bar wannan motar ko da kyauta ce.

Ta huɗu, taya. Ita ce kofaton mota. A gefen ko wace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen wani rubutu, biyun farko makon da aka yi ta, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, watau mako na 23 na shekarar 2019 ke nan. Hukumar Kiyaye Haɗurra tana gargaɗi kada a yi amfani da tayar da ta wuce shekara huɗu, ko da zanenta bai cinye ba, don roba tana bushewa, zafin kwaltar bazara kuwa ba ya raga mata. Gara ka sayi mota mai rangwamen kuɗi ka sa mata sababbin tayoyi, da ka ƙarar da kuɗinka wajen fenti ka bar ta kan gwanjon taya. Shawararmu ita ce, cikin abin da ka tanada ka ware kamar kashi ɗaya cikin biyar, don taya da birki da batir da takardu.

Ta biyar, asalinta. Yawancin motocin da ke kasuwa na hannu ne daga Turai da Amurka, waɗanda mu ke kira 'yan Kwatano. A cikinsu akwai masu kyau, akwai waɗanda suka yi mummunan haɗari aka daddaɓe su, akwai kuma waɗanda ambaliya ta shanye aka yi gwanjonsu. Ka ɗaga shimfiɗar ƙasa ka shinshina, ka leƙa ƙarƙashin kujeru, in ka ga tsatsa ko busasshen taɓo, ruwa ya ci ta. Ka duba ko fentin wata ƙofa ya saɓa da na 'yar'uwarta. Ka guji wadda aka sauya wa sitiyari daga dama zuwa hagu. Tun ran 2 ga Afrilu, 1972, Nijeriya ta koma bin hannun dama, motar da aka ƙera don ƙasashen da ke bin hagu kuwa, in an yanke ta aka yi mata walda, ba ka san ran da waldar za ta saki ba. Lambar jikin mota haruffa da lambobi 17 ce, ka gwada ta da abin da ke cikin takardu ɗaya bayan ɗaya. A 2017 Gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, aka yi ta sulalo da su ta daji da takardun jabu, saboda haka ka kai takardar kwastan ofishinsu su tabbatar maka kafin ka biya. Ka tafi da makanikinka na amana, ba wanda dillali ya kawo ba, don mai jiran la'ada ba ya ganin aibi. A rubuta ciniki, a sa shaidu. Sa'an nan ka yanki inshora ta gaskiya. Mafi ƙanƙantarta tun Janairu 2023 naira 15,000 ce, tana kuwa biyan ɓarnar da aka yi wa dukiyar wani har naira miliyan 3.

Saura magana ɗaya, ita ce kuwa ta fi duk waɗannan nauyi. Kada ka ce wa yaro ga motarka. Ka ce ga motar gida, makulli yana hannunka, shi kuwa aro ya ke yi. Yaron da ya san aro ya ke yi ya fi kula, kai kuma kana da bakin magana. A shekarar fari ku yi sharaɗi a gaban mahaifiyarsa da wanka. Mota ta kwana gida, ta kuwa shigo kafin magariba. Ba ya ɗaukar abokai fiye da ɗaya. Ba ya taɓa waya yana tuƙi. Ba ya shiga jerin motocin ɗaurin aure ko na kai amarya, inda samari ke tsere da juyi, don nan ne uwaye da yawa suka yi kuka ran da a ke murna. Da damina in ya tarad da ruwa yana gudu a kan hanya ya tsaya ya jira, da hunturu in hazo ya sauko ya kunna fitila ya rage gudu. Ba ya ba kowa aron abin da shi ma aro ya yi. In ya karya ɗaya, makulli ya huta wata guda. Ya kuma haddace lamba 122, ita ce ta kiran 'yan kiyaye haɗurra. Ko da ya ke idonka ya yi rauni, kunnenka da hankalinka suna nan, sai ka riƙa zama gefensa a watannin farko. Amma fa ka ɗaura naka bel, don yaro abin da ya gani ya ke yi, ba abin da aka gaya masa ba. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Mun san wani zai ce, ai ajali ba ya wuce lokacinsa, bel ba ya hana mutuwa. Gaskiya ne rai a hannun Allah ya ke. Amma malamanmu sun sha karantar da mu cewa mai raƙumi sai ya ɗaure raƙuminsa tukuna, sa'an nan ya yi tawakkali. Ɗa amana ne a hannun ubansa, haka kuma ɗan wani da ke tafiya a gefen hanya.

In kuwa ka auna aljihunka ka ga bai kai ga mota mai waɗannan siffofi ba, to, kada ka ji kunyar dakatawa. Yaro ya zauna Dutsin-Ma kusa da makaranta, ya riƙa zuwa gida a motar haya da rana, tsohuwa kuma a riƙa ɗaukar mata shata ran asibiti, har Allah ya hore. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Zai yi fushi kwana biyu, abokansa su yi masa dariya kwana uku, amma ran da ya haifi nasa zai gane.

Muna roƙon sauran masu karatu, musamman tsofaffin direbobi da makanikai na Katsina da Batsari da Dutsin-Ma, wanda ya ga mun bar wani abu ya rubuto mana, za mu buga. Kai kuma, Malam, ka sanad da mu yadda kuka ƙare. Allah ya tsare mu da zuriyarmu a gida da hanya, ya zaunad da ƙasarmu lafiya, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.